Fom ɗin da ya yi shiru

Idan rufin aji ya yi yoyo, kowa zai gani. Idan tablo ya tsage ko benci ya karye, yaran da kansu za su kai labari gida kafin direkta ya ji. Amma akwai wata irin ɓarna da ke aukuwa a ofishin makaranta wadda ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, kuma tana iya cin wata guda ba wanda ya lura da ita. Ita ce ɓarnar fom ɗin kwamfuta. Malam ya cike, ya danna, ya tashi da tunanin ya sauke nauyi, alhali abin da ya rubuta bai kai ga idon wanda ya kamata ya gani ba. Na san wannan magana ta yi kama da ta masu gyaran na'ura, wadda ba ruwan uwa ko uba da ita. Sai dai abin da ke cikin fom ɗin sunan ɗanku ne, da ranar haihuwarsa, da kwanakin da bai zo lakwal ba, da ciwon da yake fama da shi. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da shekaru suka koya mini a kai.

Ni malamin lissafi ne. Kamar yadda aka saba a makarantunmu, wanda aka ga ya haɗa firinta sau ɗaya shi ke zama injiniya har abada, don haka kwamfutocin ofishinmu suka dawo wuyana. Tsarin da aka kafa mana shi ne Outlook na kamfanin Microsoft, wanda ke jone da uwar na'urar saƙonni da ake kira Exchange. Yawancin mutane sun san Outlook da aika imel ne kawai. Amma tun fitowarsa a 1997 yana da wata hikima da ofisoshi suka daɗe suna amfani da ita: ana iya tsara fom na musamman, da guraben da ofis yake buƙata, a ajiye shi a dosiyen tarayya, wato dosiyen da ke zaune a kan uwar na'ura wanda ma'aikata da yawa ke buɗewa, kowa daga kwamfutarsa. Mu fom uku gare mu: na fashin ɗalibai, na masu shirin zana BEPC, da na lafiya.

Abu na farko da ya kamata duk mai taɓa wannan aiki ya riƙe shi ne, bayani dabam, fom dabam. Bayanin kamar kaya ne a cikin ɗaki, fom kuwa taga ce da ake leƙa kayan ta cikinta. Kowane rubutu da aka jefa a dosiye yana ɗauke da wata ƴar alama da ke faɗin sunan fom ɗin da za a buɗe shi da shi. Ana kiran alamar ajin saƙo. Rubutu na yau da kullum a dosiyen tarayya ajinsa IPM.Post ne. Idan aka tsara fom na fashi, sai ajinsa ya zama wani abu kamar IPM.Post.Fashi. Duk lokacin da ka danna wani rubutu, Outlook yana karanta wannan alama, ya nemo fom mai wannan suna. Idan bai same shi ba, sai ya koma baya ya buɗe rubutun da fom ɗin yau da kullum, wanda ba shi da gurbin aji, ba shi da gurbin lambar wayar uba. A nan ne hankalin sakatariya ke tashi, ta ce aikin wata uku ya ɓace. Bai ɓace ba. Kayan suna nan a ɗaki, tagar ce aka sauya. Na sha hana mutane sake buga sunaye ɗari-ɗari da wannan bayani kaɗai.

Kafin in taɓa komai, tambayoyi nake yi, kamar yadda likita ke yi kafin ya rubuta magani. Matsalar a kwamfuta ɗaya take, ko a dukansu? Idan mutumin ya zauna a wata kwamfutar da sunansa, matsalar tana binsa can? Tsofaffin rubutu ne suka ƙi buɗewa, ko sababbi, ko duka? Yaushe aka fara gani, kuma me aka canza a ranar ko a makon? Amsar waɗannan tana rage rabin aikin. Abin da ya tsaya a kwamfuta ɗaya, a cikinta za a neme shi. Abin da ke bin mutum duk inda ya zauna, yawanci maganar izini ce. Abin da ya shafi kowa, to fom ɗin ne kansa ko dosiyen. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a ofis ɗin makaranta kusan kullum za ka tarar akwai wanda ya taɓa wani abu da kyakkyawar niyya ya manta bai faɗa ba.

Matsalar da na fi haɗuwa da ita ita ce ta tsohon kwafi. Don kada ya riƙa ɗauko fom daga uwar na'ura kowane lokaci, Outlook yana ajiye kwafinsa a cikin kowace kwamfuta, kuma akwai wani fayil mai suna frmcache.dat da ke riƙe da lissafin waɗannan kwafi. Dabara ce mai kyau, musamman a wurin da rezo ke zuwa yana tafiya. Amma idan aka gyara fom aka sake wallafa shi, wata kwamfutar tana iya ci gaba da buɗe tsohon. Wata shekara an ƙara gurbi a fom ɗin masu BEPC, inda za a rubuta sunan ɗalibi harafi da harafi yadda yake a takardar haihuwarsa. Duk malamin da ya taɓa haɗa takardun jarrabawa ya san dalili. Yaro ɗaya ne, a aji ana kiransa Mamane, a rajista an rubuta Mahaman, a takardar haihuwa kuma Mahamadou, kuma harafi ɗaya ya isa ya sa uba ya yi ta sintiri tsakanin makaranta da ofisoshi. Sakatarori biyu suna zaune a ɗaki ɗaya, suna cike fom ɗaya, ɗaya tana ganin sabon gurbin, ɗayar ba ta ganinsa. Kowacce tana ganin ƴar'uwarta ce ba ta yi aikinta da kyau ba, har ta kai gaisuwa ta fara yin sanyi a tsakaninsu.

Maganin bai ɗauki minti biyar ba. A cikin saitunan Outlook, a sashen fom na musamman, akwai wurin sarrafa fom, kuma a nan akwai maɓallin share ma'ajiyar kwafi. Idan wannan bai yi ba, sai a rufe Outlook gaba ɗaya, a nemo frmcache.dat a cikin dosiyen Forms na mai amfani da kwamfutar, a sauya masa suna. Da an sake buɗe Outlook zai gina sabo da kansa. Wannan hanya ce kuma ake bi idan aka ga saƙon da ke cewa ba a iya buɗe fom ɗin da aka zaɓa ba, domin wani lokaci kwafin ne ya lalace, kuma ɗaukewar kuran a tsakiyar aiki ba ta raga wa fayil. Rigakafin shi ne, duk wanda ya gyara fom ya ƙara lambar bugu a shafin bayanan fom ɗin kafin ya wallafa. Ni nakan ƙara da rubuta lambar a fuskar fom ɗin, a wata kusurwa, yadda kowa zai gani. Idan sakatariya ta kira ni, tambayata ta farko ita ce wace lamba take gani. Da ta ce uku alhali muna kan huɗu, na san inda zan dosa.

Akwai kuma maganar inda aka wallafa fom. Wurare uku ne: ma'ajiyar mutum shi kaɗai, ma'ajiyar ma'aikata baki ɗaya, da cikin dosiyen kansa. Wanda ya tsara fom yakan gwada shi a ma'ajiyarsa, ya ga yana aiki sumul, ya sanar da kowa cewa an gama, alhali shi kaɗai ke iya ganinsa. Ko kuma ya wallafa shi a dosiyen ya bar tsohon gwajin a ma'ajiyarsa da suna iri ɗaya, sai kwamfutarsa ta riƙa nuna masa abin da ba shi sauran mutane ke gani ba. Fom ɗin da aka yi don dosiyen tarayya, a dosiyen ya kamata ya zauna, kwafi ɗaya tak. Bayan haka sai a shiga bayanan dosiyen a zaɓi fom ɗin a matsayin wanda zai buɗe idan za a yi sabon rubutu. Sai dai wannan zaɓi sababbin rubutu kawai yake shafa. Tsofaffin suna nan da tsohuwar alamarsu, kuma sai wanda ya san aikin ya sauya musu ajin saƙo kafin su buɗe da sabon fom. Kafin a yi irin wannan sauyi, a kwafi dosiyen gaba ɗaya a ajiye gefe.

Wata matsalar ta fi waɗannan ban tsoro, domin ba ta nuna alamar komai. Fom ɗin Outlook yana iya zama da fuska biyu: shafin da mai rubutu ke gani, da shafin da mai karatu ke gani. Idan mai tsarawa ya ƙara gurbi a shafin rubutu ya manta shafin karatu, malam zai cike gurbin, bayanin zai shiga, amma wanda ya buɗe daga baya ba zai ga komai ba. Na tarar da haka a fom ɗin lafiya da muka gada. Malamai suna rubuta cewa wane yana da sikila, wance tana da asma, kada a sa su gudu cikin rana. Malamin wasanni kuma idan ya buɗe, suna da aji kawai yake gani. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi lalaci, amma da an shiga watan Afrilu a haka, da zafin da muka sani, yaro mai sikila na iya faɗuwa a fili, a ce makaranta ba ta sani ba, alhali an rubuta. Gwajin wannan abu ne mai sauƙi: mutum ɗaya ya cike fom, wani dabam ya buɗe a wata kwamfuta, su zauna su kwatanta gurbi da gurbi. A kuma tuna cewa gefen allon nan da ke nuna saƙo kafin a buɗe shi ba ya nuna guraben fom na musamman. Sai an danna rubutun sau biyu ya buɗe sosai.

Yanzu sai in zo ga abin da ya sa na ba rubutun nan wannan suna. Wasu fom suna da umarni a bayansu, wanda aka rubuta da wani yaren kwamfuta mai suna VBScript. Shi ne ke sa maɓalli ya yi aiki. A fom ɗinmu na fashi, idan malam ya danna maɓallin aikawa, umarnin yakan tura saƙo ga mai kula da ɗa'ar ɗalibai, shi kuma ya kira iyaye. To amma wannan yare yana da tarihi. A watan Mayu na 2000, wata cutar kwamfuta da aka sani da ILOVEYOU ta taso daga ƙasar Filifin. Da VBScript aka rubuta ta, kuma duk wanda ya buɗe ta sai ta aika kanta ga dukan sunayen da ke littafin adireshinsa na Outlook. Cikin ƴan kwanaki ta shiga miliyoyin kwamfutoci a duniya. Daga wannan lokaci aka riƙa ƙara matse ƙofar da irin waɗannan umarni ke bi. A saitunan tsaro na Outlook akwai akwatuna biyu, ɗaya na ba umarni damar aiki a dosiyen da wani ya raba da kai, ɗaya na dosiyen jama'a. A watan Satumba na 2017 kuma Microsoft ta fitar da gyaran tsaro da ya kulle umarnin fom na musamman gaba ɗaya, sai in mai kula da kwamfutoci ya buɗe shi da hannunsa a rajistar Windows, ya kuma rubuta ajin kowane fom da ya amince da shi. Ni ina ganin wannan daidai ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma makaranta ba ta da kuɗin jinyar kwamfutocin da cuta ta ci.

Abin lura shi ne, wannan buɗewa a kowace kwamfuta ake yin ta. Wani lokaci aka kawo sabuwar kwamfuta ɗakin malamai a cikin hutu. Wanda ya zo ya haɗa ta ya yi aikinsa, Outlook yana buɗewa, fom yana fitowa da kyansa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bai san akwai umarni a bayan fom ɗin ba, domin babu inda aka rubuta hakan. Aka koma makaranta a watan Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, fashi ya yi yawa, kowa ya saba da ganin benci babu kowa. Wata yarinya ta aji na biyu a kwaleji ta yi kwanaki ba ta zo ba. Malamarta ta cike fom kullum, ta danna maɓalli kullum. Maɓallin yana lotsawa ya dawo, babu saƙon kuskure, babu komai. Mai kula da ɗa'a bai ga saƙo ba, don haka bai kira kowa ba. A gida kuwa yarinyar tana fita kowace safiya da jakarta. Sai da wata maƙwabciya ta gan ta zaune a bayan wani kango da ƙarfe goma na safe magana ta fito. Ashe wasu manyan ɗalibai ne ke tare ta a hanya suna karɓe mata kuɗin kalaci, ta ji tsoron zuwa, ta kuma ji tsoron faɗa a gida.

Mahaifinta ya zo makaranta, dattijo ne mai natsuwa. Bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce wa direkta shi ne: "Ranka ya daɗe, lokacin da babu kwamfuta, kwana biyu yaro zai yi ku aiko a kira ni. Yanzu da kuka samu na'ura sai na ji a bakin maƙwabta?" Babu wanda ya samu amsar ba shi. Na'urar ta yi abin da aka tsara ta ta yi, wato ta ƙi bin umarnin da ba a ce mata ta amince da shi ba. Giɓin yana wurin mutane: an dogara da maɓalli, an daina duba ko saƙo ya isa. Gyaran kwamfutar ya ɗauki ƙasa da awa guda. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne dokar da aka kafa bayan haka, cewa mai kula da ɗa'a zai buɗe dosiyen fashi da kansa kowace rana, ko saƙo ya zo ko bai zo ba, ya kuma kwatanta shi da kayen kiran suna na kowane aji a ƙarshen mako.

Akwai wata hanyar da umarni ke mutuwa ko da an buɗe duk ƙofofin da na ambata. A shafin bayanan fom akwai wani akwati da ke cewa a aika tsarin fom tare da rubutu. Yana da jan hankali, domin mutum zai ga kamar hakan zai sa kowa ya iya buɗewa. Amma idan aka zaɓe shi, kowane rubutu sai ya haɗiye kwafin fom ɗin a cikinsa, ya yi nauyi, ya daina bin fom ɗin da aka wallafa. Duk gyaran da aka yi daga baya ba zai shafe shi ba, kuma Outlook ba ya bin umarnin da ke cikin irin wannan rubutu. Alamar gane shi ita ce girma. Idan ka jera rubutun dosiye bisa nauyinsu ka ga wasu sun ninka ƴan'uwansu alhali bayanin iri ɗaya ne, to ka duba wannan akwati. Fom ɗin da za a wallafa a dosiyen tarayya ba ya buƙatarsa.

Sai maganar izini, wadda a ganina ita ce ta fi shafar iyaye kai tsaye. Dosiyen tarayya yana da matakan izini: akwai mai dosiye, akwai mai iya gyara rubutun kowa, akwai mai iya rubutawa ya gyara nasa kaɗai, akwai mai karatu kawai, akwai kuma wanda zai iya jefa rubutu amma ba zai ga na wasu ba. Idan malam ya ce ya cike fom ya ƙi ajiyuwa, kuma abin yana binsa kowace kwamfuta, yawanci an ba shi izinin karatu ne kawai. Gyaran da masu gaggawa ke yi shi ne su buɗe wa kowa komai, su huta da ƙorafi. Wannan shi ne babban haɗari. Da zarar an yi haka, duk mai shiga tsarin zai iya karanta ciwon ɗan wani, da bashin kuɗin makarantar da ake bin gidan wane, zai kuma iya share rubutu ko ya sauya shi. A gari irin namu da kowa ya san kowa, maganar da ta fita daga ofis ba ta kwana ba ta kai kasuwa ba. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, amma ko babu doka, sirrin yaro amana ce. A fom ɗin lafiya, yawancin malamai izinin jefa rubutu ya ishe su, karatun kuma a bar shi ga mutum biyu ko uku da aikinsu ya buƙace shi.

Ba zan manta da rezo da kuran ba, domin su ne ke sa mu zargi fom a kan laifin da ba nasa ba. Idan Outlook yana aiki da kwafin da ya ajiye a kwamfuta, abin da malam ya rubuta lokacin da rezo ya yanke yana iya zama a wurinsa har sai an dawo da haɗi. Shi yana gani, sauran ba sa gani. Haka kuma idan mutum biyu suka buɗe rubutu ɗaya suka gyara a lokaci guda, tsarin zai nuna saɓani, ya nemi a zaɓi wanda za a riƙe. Kafin a kira mai gyara, a dubi ƙasan allon Outlook, inda yake faɗin ko yana jone da uwar na'ura ko a yanke yake. Na sha tasowa daga aji saboda kiran gaggawa, in tarar wayar da ke bayan kwamfuta ce mai shara ya ture.

Ya kamata shugabannin makarantu su san cewa wannan fasaha ta tsufa. Fom na musamman a tsohon Outlook na Windows kaɗai yake aiki. Ba ya buɗewa a waya, ba ya buɗewa a Outlook na intanet, kuma sabon Outlook da Microsoft ke yaɗawa ba ya ɗauke da shi. A 2023 kamfanin ya sanar cewa zai janye VBScript daga Windows sannu a hankali. Malamanmu kuwa da waya suka fi aiki, ba da kwamfuta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantar da bayananta ke cikin irin wannan fom, ta fara fitar da su zuwa tebur irin na Excel tun yanzu, ta duba cewa kowane gurbi ya fito, domin guraben da aka ƙirƙira da hannu ba sa bin hanyar fitarwa ta yau da kullum. Hanya mai sauƙi ita ce a jera dukan guraben a teburin dosiyen, a kwafe su, a liƙa a Excel, a ajiye kwafi a wurare biyu.

Ga ƴan'uwana malamai, abin da nake roƙo kaɗan ne. A samu kaye guda a ofis, a rubuta sunan kowane fom, da ajinsa, da inda aka wallafa shi, da lambar bugunsa, da ko yana da umarni a bayansa, da abin da sabuwar kwamfuta ke buƙata kafin ta yi aiki da shi. Duk mai gyaran da ya zo, a ba shi ya karanta kafin ya taɓa, ya kuma rubuta abin da ya yi kafin a biya shi. Mu malamai ana yi mana canjin wurin aiki, kuma ilimin da ke kan mutum ɗaya yana tafiya da shi ranar da takardarsa ta fito. A farkon kowace shekara a yi gwaji da sunan ɗalibin da babu shi, daga kowace kwamfuta, a ga ya isa inda ya kamata. Kayen kiran suna na takarda kuma kada a jefar da shi.

Ga iyaye kuma, ba sai kun san frmcache.dat ba kafin ku kare ƴaƴanku. Idan kun je makaranta, ku nemi a buɗe muku bayanin ɗanku a allo, ku zo da takardar haihuwarsa ku kwatanta suna da kwanan wata da idonku, musamman shekarar da zai zana jarrabawa. Ku tabbatar lambar wayar da ke ciki ita ce kuke amfani da ita yanzu. Idan yaron yana da ciwo, bayan an rubuta, ku faɗa wa malamin ajinsa da malamin wasanni baki da baki. Ku tambayi wa da wa ke iya karanta bayanin, haƙƙinku ne ku sani. Idan kuma wata ya wuce ba ku ji komai daga makaranta ba, kada ku ɗauka lafiya ce ta sa. Ku ratsa wata safiya ku tambayi malami kwana nawa ɗanku ya yi fashi a wannan wata, ku ce ya duba muku a kaye da kuma a kwamfuta.